Ta'aziyyar Injiniya Dachung Dantong, Wanda Injin Niƙa Dutse Ya Kashe

Cikin alhini da ɓacin rai, Ƙungiyar Masu Fasa Dutse da Lodin Tsakuwa, reshen Laranto, tana sanar da jama'a mummunan labarin rasuwar ɗanmu, ɗan tsohon ma'ajinmu marigayi Da Dantong, wato Injiniya Dachung Dantong na Gada Biyu, wanda injin niƙa dutse ya kashe ranar Talata da hantsi a gaban idon mutanenmu. Na ce wa sakatare ya rubuta kashewa, kada ya sa mini hatsari, domin abin da aka yi gargaɗi a kansa aka toshe kunne ya wuce a kira shi hatsari.

Jama'a su sani cewa bara kamfanin da muke wa aiki ya ɗora kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira a kan injin, ita ke kunnawa, ita ke kashewa. Ba ta da ido, ba ta da kunne. Kayan aiki ake miƙa mata, kowanne da rubutaccen bayanin abin da yake yi da lokacin da za a taɓa shi, abin da bayanin ya faɗa kuwa shi kaɗai ta sani a duniya. Aikin marigayi Dachung shi ne ya bi waɗannan bayanai ya auna su, ya ware mai kyau da gurgu. Awonsa guda ne: idan aka ba baƙon da bai taɓa shiga wurin fasa dutse ba wannan rubutu kaɗai, zai yi daidai ko zai yi ɓarna? Mun sha yin faɗa da shi, ina cewa abin da ake yi a zaune ba aiki ba ne, yana dariya yana kirana Baba. Ban janye ba. Amma shi ya tashi daga kujera da aka zo wurin tashi, abin da manyansa ba su yi ba.

Bayanin makunni ya ce a tayar da inji idan ya tsaya, shi ke nan. Mu kuwa tun zamanin haƙar kuza, idan dutse ya maƙale a bakin inji, mutum kan rataye hularsa a makunni, ya sauka ciki da ƙarfe ya ɓanɓare shi, kuma ko mahaukaci ba ya taɓa makunnin da ke da hula. Dachung ɗan mai fasa dutse ne, ya san haka. Ya kayar da bayanin a awonsa, ya ce sai an rubuta ƙarara cewa kada kwamfuta ta tayar da inji sai ɗan Adam ya leƙa ya tabbatar babu kowa. Manaja, Oga Robert, ya ce a bari sai an gama kwangilar da ke hannu.

Ranar Talata dutse ya maƙale, abokin aikinmu Pam ya rataye hula ya sauka. Marigayi yana tsaye kusa, ya ji inji ya fara gurnani, kwamfuta ta tayar da shi, ya faɗa ciki ya cicciɓo Pam ya wurgo shi waje. Bel ɗin injin ya kama rigar Dachung, ya ja hannu, ya ja kafaɗa. Mun ji ƙarar ƙashi a cikin ƙarar dutse. Kafin a tsinke waya, tsakuwar da ke zubowa ta koma ja, kuma da hannuwanmu muka tsince shi a cikinta muka naɗe a tamfol.

Kamfani ya aiko da buhun shinkafa da katan ɗin lemo, ya ce ran Litinin a koma aiki. Mun mayar musu da kayansu. Babu ɗan ƙungiyar nan, Musulmi ko Kirista, da zai sake sa ƙafa a bakin injin sai an gyara bayanin yadda marigayi ya nema, an karanta mana shi da Hausa, an gwada a gabanmu da buhun yashi a madadin mutum.

A madadin shugabanni, dattawa da ɗaukacin 'yan ƙungiya, ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa Ngo Magadaliya, da matarsa Madam Abigel, da 'ya'yansa, da limamai da jama'ar majami'arsa. Allah ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciya, ya raya abin da ya bari, ya saka masa.

Hular Pam tana nan rataye a makunni. Duk wanda ke son ya cire ta kafin a gyara, ya fara sauka cikin bakin injin ya tsaya, sannan ya ba kwamfutarsa izini.

Sa hannu:
Alhaji Shu'aibu Mai Guduma
Mai Magana da Yawun Ƙungiya, Reshen Laranto, Jos