Baho a Saman Rijiya

Kangaslahti, 9 ga Yuni

Zuwa ga ɗana Tuukka,

Ina gaishe ka, kai da matarka Venla, da fatan kun koma Tampere lafiya. Ni ƙalau nake, in ban da ɓacin rai. Takarda na rubuto don a waya katse ni kake yi da dariya.

Ranar Asabar ina gonar dankali na ga mota mai ƙugiya ta sauke ƙaton bahon ruwan zafi a gaban gidan hutunku, can saman tudu. Na ci gaba da aikina. Filin na riga na ba ka, in ka ga dama ka dafa kanka a ciki. Amma da yamma sai ga tiyo ya gangaro daga tudun ya shige rijiyata, ba wanda ya tambaye ni.

Na ce wa Venla wane maganin ruwa za ku riƙa zubawa. Ta ce, "Ai, Hilkka, mu ba ma son sinadari. In mun yi wanka sai mu zubar mu sake cikawa." Na ce lita nawa yake ci? Ta ce dubu ɗaya da ɗari shida, tana murmushi kamar kofin shayi take faɗa.

Tuukka, mahaifinka ne ya haƙa rijiyar nan, kuma ka san a watan Yuli da ƙyar take tara lita ɗari uku a yini. Da ita nake sha, nake girki, nake wanki. Kuna da sauna, ɗakin wankan tururi, ga tafki a gabanku, amma sai kun jiƙa kanku a ruwan shan tsohuwa. Wannan ba jin daɗi ba ne, rashin tarbiyya ne, kuma ba a gidana ka koya ba.

Ka zaɓi maganin da zai riƙe ruwa ɗaya har wata biyu ko uku, ko ka janye tiyonka.

Mahaifiyarka,
Hilkka

Tampere, 14 ga Yuni

Mama,

Gaisuwa da ban girma. Na karanta takardarki a tsaye, don na ji kamar ba a ba ni izinin zama ba.

Ba ƙin zaɓa muka yi ba, bincike muke yi. Magungunan iri uku ne. Kulorin, irin na wurin iyo, shi ya fi ƙarfi, amma yana sa fatar Venla ƙaiƙayi. Buromin ya fi jure zafi, sai dai ba a son a zubar da ruwansa a ƙasa. Akwai kuma mai iskar oksijin, ba ya wari, ba ya cutar da shuka, amma mai shagon ya ce rago ne, ba ya iya wa taron mutane. Ki ba mu lokaci. Kafin nan sau ɗaya kawai za mu sake cikawa, don Juhannus, bikin tsakiyar bazara. Rijiyar Baba ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Kuma Mama, in har rijiyar ta yi rauni kamar yadda kika ce, to ai ga dalilin sake duba maganar komawarki gidan benen nan na garin Mikkeli. Famfo a ɗaki, kantin magani a ƙasa, ba sharar ƙanƙara. Shekarunki saba'in da huɗu fa. Na sa miki takardarsu a ciki, ki duba kawai.

Naki,
Tuukka

Kangaslahti, 23 ga Yuni

Tuukka,

Ina gaishe ka don haka aka koya mini, ba don ka cancanta ba.

Sau ɗaya ka ce. Sau biyu kuka cika. Ina zaune a taga ina jin injin ɗiban ruwa yana ja, ku takwas kuna ihu a cikin ruwa da gwangwanayen giya, manyan mutane masu furfura. Ranar Lahadi da safe na murɗa famfo, ya yi tari ya tofo mini iska. Ku kuwa kun riga kun kama hanya.

Na ɗauki bokiti biyu na tafi gidan maƙwabciyata Aune. Ta ce, "Ke da kike da ɗa injiniya, bara kike yi?" Na ce injiniyan na gadoji ne, ƙasan ƙasa ya fi ƙarfinsa. Muka yi dariya, amma kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba tun da na zo ƙauyen nan. Kwana uku ina jigila kafin rijiyar ta farfaɗo.

Sai kuma takardar bene. Kai ka ƙafar da rijiyar, kai kuma ka ce ga hujja ba zan iya zama ba. Ban ce da gangan ka yi ba. Na ce dai abin ya yi maka daidai, kuma ya kamata hakan ya hana ka sakewa.

Na sa kwaɗo a murfin rijiya, makullin yana wuyana. Ruwan da ke bahonku yanzu shi ne rabonku na bana. Ku zuba masa magani ya kai ku kaka, ko ku kiwata kwaɗi a ciki. Mutum mai shekara arba'in da shida ya isa ya zaɓi abu ɗaya cikin uku.

Hilkka

Kangaslahti, 1 ga Yuli

Tuukka,

Ba gaisuwa yau.

Jiya na ɗora kofi, na kurɓa, na tofar. Warin wurin iyo yake yi, da wani abu mai kumfa a kai. Na hau tudu ina bin ciyawar da ta kwanta ta yi rawaya, tun daga bakin rijiyata har ƙarƙashin bahonka. Bahon wayam, da zoben tsatsa a jikinsa.

Ba sai an gaya mini ba. Ka antaya kulorin, ruwan ya koma kamar shayi, ka tsorata ka buɗe magudana. Ruwan rijiyar nan akwai ƙarfe a cikinsa, in kulorin ko bilic ya taɓa shi sai ya yi launin tsatsa. Shekara hamsin ban sa wa farin zanen gado bilic ba saboda haka, kowace mace a ƙauyen nan ta san wannan. Da ka tambaye ni da na gaya maka a numfashi ɗaya. Amma ka fi son mai shago da wayarka.

Ruwan wankan mutum takwas, wanda ya yi sati yana ɗumi, da gumi da man shafawa da giyar da ta zube, shi ka gangaro wa uwarka. Ta tsagar da ke tsakanin zobban simintin rijiyar na sama ya shiga. Ka kuma wuce ta ƙofata ranar Lahadi ka ɗaga mini hannu daga cikin mota. Kuskure kowa yana yi. Shirun ne ba zan yafe da wuri ba, don da na haɗiye fa?

Na kai kwalbar ruwa ofishin lafiya. Sun ce kada in sha, kada in wanke baki. Yarinyar da ke wurin ta tambaye ni ko akwai inda zan iya zama na ɗan lokaci. Na ce mata ina da gida.

Hilkka

Tampere, 4 ga Yuli

Zuwa ga Hilkka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni ce na rubuto, don ɗanki ya fara takarda sau huɗu yana yagawa.

Ina tafki lokacin da ya yi abin. Da na dawo ya ce mini ɓangaren daji ya juya tiyon. Sai da na karanta takardarki na ce masa, "Daji yaushe ya koma ƙasan tudu?" Ya ce tiyon ne ya zame. Na ce, "To bakinka ma zamewa ya yi?" Tun ranar a falo yake kwana.

Nawa laifin shi ne ban taɓa tambayar daga ina ruwan yake zuwa ba. A bene na girma, a ganina ruwa a bango yake. Ki yi haƙuri.

Ga abin da na yanke, ban kuma nemi ra'ayinsa ba. Daga tafki za mu riƙa ɗiba ta na'urar tace ruwa. Mai oksijin za mu yi amfani da shi, mu biyu kaɗai, ba taro. Magudana za a binne mata bututu zuwa bayan dutse, ki zo ki nuna inda kike so. Na kira mutanen benen Mikkeli na ce su cire sunanki, don ashe ya riga ya sa ki a layinsu tun watan Afrilu. Na ga ya kamata ki sani.

Zan kawo ruwan jarka ranar Juma'a. In kin fi so in ajiye a ƙofa in juya, zan yi hakan.

Surukarki,
Venla

Kangaslahti, 8 ga Yuli

Venla,

Na gode da gaisuwa, na kuma gode da gaskiya. Ki shigo da jarkokin har kicin, akwai burodi.

Mutanen lafiya sun ce rijiyar za ta gyaru in an kwashe ruwan, an goge bangon, an liƙe tsagar. Akwai masu yin aikin a gari, amma ban kira su ba. Ki gaya wa mijinki ya zo ranar Asabar da dogon takalmi da buroshi. Zurfinta mita shida ne, ruwan kuma akwai sanyi. Mijin Aune zai riƙe igiya, ni zan tsaya a baki in nuna masa inda ya tsallake.

Maganar Afrilu kuwa, a can ƙasan zan tambaye shi, inda ba shi da wajen gudu.

Hilkka