Tafiya Yamma

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da kyau, da fatan ka isa gida lafiya, kuma gwiwar ba ta wahalar da kai a mota ba. Na zaɓi takarda ne don na san in na kira waya sai dai ka yi ta cewa "to, to", ka ajiye ba ka ji rabin maganar ba.

Ga abin da likita ya faɗa min bayan ka fita. Ba zai yi maka aikin gwiwar nan ba sai ka rage kilo takwas. Yanzu kana ɗari da huɗu, shi kuma casa'in da shida yake so ya gani. Ya ba mu wata huɗu. In ba mu kai ba zai ba wani gurbinka, mu koma ƙarshen layi, layin kuwa shekara guda ne. Baba, gwiwar nan ba za ta kai shekara ba. Na ga hoton ƙashin da idona, kuma shekarata tara ina jinya a ɗakin masu ciwon ƙashi, na san abin da na gani. Tsoro nake ji kada ka koma zaman keken guragu.

Sukari a shayi cokali ɗaya, ba uku ba. Burodi rabi. Soyayyen nama a bar shi tukuna. Sai motsa jiki, kuma don Allah kada ka ce min ɗaga sikelin mutane a shago ai motsa jiki ne. Na tambayi mai gashin ƙashi ta asibitinmu, ta ce ga mai gwiwa irin taka yamma ta fi. To ka riƙa tafiya yamma, minti talatin, sannan ka juyo gida. Kullum, ba fashi.

Sauri nake yi, direban da zai kawo maka takardar nan yana ta danna min hon a bakin ƙofa. A gaishe min da Gwaggo.

Ni ce 'yarka,
Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa da sa albarka, takardarki ta iso hannuna ranar Talata. Na karanta sau biyu, a na uku Gwaggonki ta ƙwace ta karanta da ƙarfi, yanzu duk layinmu babu wanda bai san nauyina ba.

Shekara arba'in ina gyara wa mutane sikeli, ban taɓa hawa ko ɗaya ba sai da kika sa ni. Na rufe shago, na hau babban nan da ake auna buhuna, bayan na gwada shi da duwatsun awo na tabbatar allurarsa tana kan daidai. Na so ƙwarai in kama sikelin asibitinku da ƙarya. Ban samu ba, ɗari da huɗu ne cif. Yau sati uku ke nan, na koma ɗari da biyu da rabi.

Maƙwabtana sun mai da ni abin shawara. Mai kemis ya ce kitse ba ya ƙonewa sai da sassafe, ciki babu komai. Mai aski ya ce tsakar rana ce magani, wai zufa ita ce kitsen yake fita. Na dube shi na dubi tumbinsa. Na dai gaya musu abin da 'yata ta rubuta shi nake bi.

Batun yamma kuwa, na daɗe a kan kalmar nan. Ban san hikimar da mai gashin ƙashinku ta hango ba, don da za a bar ni da zaɓina, ba ita zan ɗauka ba. Ranar farko na yi rabi na juyo. Rana ta biyu ma haka. A ta uku na daure na cika minti talatin ɗin, kuma tun daga nan ban yi fashi ba.

Shayi mai cokali ɗaya ba shayi ba ne, amma ina sha. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

Auta,

Sallama da gaisuwa, ya aiki, ya maigidan naki. Gwaggonki ce. Ba na iya doguwar gaisuwa in raina a ɓace yake, sai ki yi haƙuri.

'Yar nan, wane irin magani ne kika rubuta wa Yaya? Mutum da gwiwa kamar tsohuwar ƙofa, ki tura shi hawan tudu da sanyin safiya? Sati bakwai ke nan, gari na wayewa zai ɗauki sandarsa. Ina jin sa ta katanga yana nishi kafin ƙafar ta yarda ta miƙe. Ya fita ya bar hanyar gabas, ga ta nan a shimfiɗe har kasuwa, ya miƙe yamma, ya wuce tankin ruwa, ya kama tudun nan da ko masu keke sauka suke yi su tura. Na ce Yaya, me gabas ta yi maka? Ya zaro takardarki daga aljihu, duk ta yi laushi don naɗewa, ya nuna min da yatsa: tafiya yamma, minti talatin. Ya ce umarnin asibiti ne, kada in sa baki a abin da ban karanta ba.

Kuma ba minti talatin yake yi ba. Awa biyu yake ɗauka kafin ya dawo, wani lokaci idanunsa jajur, in na tambaya ya ce iska ce. Rannan na tarar da masu sikeli biyu suna jiransa a ƙofar shago, abin da bai taɓa faruwa ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ya faɗa. Jiya ya ce ɗari daidai, kuma wandunansa biyu na rage wa ƙugu a keken ɗinkina. Amma in ya zame a tudun nan fa? Ni ba zan iya ɗaga shi ba. Ki tambayi mai gashin naku ko a makarantarsu an koya musu cewa kitse ya fi tsoron yamma da gabas.

Ki gaida mutanen gidan.

Gwaggo

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba, da fatan kana lafiya. Takardar Gwaggo ta same ni a wurin aiki. Na yi dariya har abokan aikina suka leƙo, daga baya kuma na gane kuskuren da na yi.

Baba, laifina ne. Da yamma nake nufi, wato bayan la'asar, in rana ta yi sanyi. Saurin direba ya sa na bar "da" a cikin alƙalami. Ba ruwan asibiti da gabas ko yamma.

Dalilin shi ne, mai ciwon gwiwa yakan tashi da safe gaɓoɓinsa a sandare. Zuwa yamma kuwa jiki ya sake, tafiyar ta fi sauƙi, haɗarin faɗuwa ya ragu. Tudu kuma ba naka ba ne yanzu, musamman gangarowa. Don Allah daga gobe ka bar hanyar nan. Ka je filin makarantar da ke bayan gidanmu da misalin ƙarfe biyar, ka yi ta zagayawa, ƙasa ce a shimfiɗe.

Kilo huɗu a sati bakwai ba ƙaramin abu ba ne, na ji daɗi sosai. Saura huɗu. Ka yafe min wahalar da na sa ka.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Na jinkirta amsa ne don ina so in gwada abin da kika ce tukuna, kada in yi magana ban auna ba.

Sati huɗu na yi a filin makaranta. Gaskiyarki ce, da yamma gwiwar ta fi yarda, ba na nishi kamar da safe. Amma ga sakamakon. A kwana ashirin da takwas, sau goma sha ɗaya kawai na je. Ƙarfe biyar ita ce lokacin da 'yan kasuwa suke tashi su kawo min sikelinsu, kowa yana so a gyara masa kafin safiya. Ranar da babu kowa kuma sai in sami kaina ina neman dalili. Zagaye fili ba ya kai mutum ko'ina, inda na tashi nan nake dawowa. Yau na hau sikeli, casa'in da tara. Kilo ɗaya a wata guda. Saura uku, kuma sati shida ya rage mana.

Yanzu zan gaya miki abin da ban gaya wa Gwaggonki ba. Kin nemi in yafe miki, alhali ni ne mai neman yafiya. Tun a sati na biyu na gane cewa "da" ce ta faɗi a takardarki. Ni da nake gano giram ashirin in ya ɓace a sikeli, harafi biyu ba za su wuce ni ba. Na yi shiru ne da gangan.

In mutum ya fita daga ƙofar gidanmu ya miƙe yamma da irin tafiyata, minti talatin cif a ƙofar maƙabarta suke ajiye shi. Tun ranar da muka kai mahaifiyarku, shekara biyu ke nan, ban sake bin hanyar nan ba. Ko saƙo aka ba ni ta wajen, sai in zagaya. Na sha cewa gobe zan je, goben ba ta zo ba, kuma kunyar hakan tana damuna. Da takardarki ta zo ta ce yamma, kwana biyu ina juyowa daga tankin ruwa. A na uku na ce wa kaina umarnin asibiti ne, ba ni da ta cewa, na ƙarasa.

Ina shiga in yi mata addu'a, in zauna a kan wani dutse in huta ƙafa. Nakan ba ta labari kaɗan, wanda ya kawo sikeli, abin da Gwaggonki ta ce, nawa na rage. Ita ce ta yi ta fama da ni a kan sukarin nan shekara da shekaru ban ji ba. Na san abin da za ki ce, amma ni dai in na fito daga wurin, jikina sakayau nake jin sa, kuma ko kusa da soyayyen nama ba na sha'awar zuwa.

Na gwada zuwa can da yamma, don in haɗa maganarki da tawa. Rana tana cikin idona tun daga gida, kuma maigadin maƙabartar yana rufe ƙofa da ƙarfe biyar.

In ban da wannan gwajin, ban koma ba tun da kika hana, don ba na so in yi abu a bayan idonki. Ke kika san gwiwa. Ni kuma na san wanda zai yi tafiyar. Ki duba ki gaya min.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Na karanta takardarka a ɗakin canza kaya, na yi kuka, sai da na wanke fuska kafin na koma wurin marasa lafiya. Ban san nisan wurin daga gida ba. Ban taɓa tambaya ba, ni ma gudun maganar nake yi.

Na kai wa mai gashin ƙashi lissafinka, sau goma sha ɗaya a fili, kullum a tudu. Ban gaya mata abin da ke saman tudun ba. Ta ce yamman da ta faɗa shawara ce, ba doka ba, kuma lokacin da ya fi kowane lokaci shi ne wanda mutum ba zai yi fashinsa ba. Bambancin safe da yamma kaɗan ne, bambancin zuwa da rashin zuwa shi ne babba.

To ka koma, Baba, amma da sharaɗi. Kafin ka fita ka ɗora tawul mai ɗumi a gwiwar minti goma, ka lanƙwasa ta ka miƙe sau goma a zaune. Kada ka fita sai gari ya waye sosai kana ganin inda kake taka ƙafa. Ka ɗan sa wani abu a ciki, rabu da maganar mai kemis. In za ka gangaro, sanda a gaba, taki gajere. Ranar da aka yi ruwa ka haƙura da tudu, ka je fili. Na saka maka takalmi mai taushi a cikin saƙon nan.

Har yanzu ina tsoron gangarar nan, ba zan ɓoye maka ba. In ka je, ka sa ni a cikin labarin da kake ba Mama.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Yau da safe na hau sikeli, casa'in da biyar da giram ɗari takwas. Na sauka na sake hawa, bai canza ba. Ki gaya wa likita ya riƙe min gurbina, ina tafe ranar Litinin da Gwaggonki.

Kin ce bayan aikin sai na yi wajen sati shida kafin in taka da nisa. Jiya na gaya wa mahaifiyarku haka, don kada ta ji shiru.

Ki huta lafiya.

Mahaifinki