Hannun Marini

Ƙofar Mata, Kano.

Zuwa ga Yaya Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki? Na gode da ta'aziyya. Kin tambaye ni a waya yadda abin ya faru na kasa magana, shi ya sa na rubuto.

Yaya, ban gane ba sai da wata nas a asibiti ta ɗora tafina a hannun Baban Zara na hagu, sannan ta mayar da shi kan na dama. Ɗaya da ɗumi, ɗaya sanyi kamar gindin randa. Launinsu kuwa ɗaya. A nan na san hannun mijina ya riga shi mutuwa.

Santsi ne ya kwashe shi a bakin ramin rini, ya dafa ƙasa, ƙashi ya karye. Aka kai shi wurin kawunsa, Kawu Ɗahiru maɗori, wanda katanga ce kawai ta raba mu. Ya jera karare ya ɗaure tamau, ya ce in yatsu suka yi baƙi a kira shi. To kin san hannun marini. Tun da na aure shi ban taɓa ganin farcensa ba shuni ba. Kullum ina dubawa, kullum yadda na san su.

Ya yi ta kukan zafi, mutumin da ko zazzaɓi ba ya faɗa. Muka ce ƙashi ne ke haɗuwa. Da zafin ya ɗauke har sadaka na yi. Ashe hannun ne ya daina ji. Wari ne ya kai mu asibiti. Likita ya ce ɗaurin ya hana jini wucewa, da an kwance tun yana kukan nan da an ceto shi. Sun yanke hannun, amma dafin ya riga ya shiga jini.

Na yarda da ƙaddara. Sai dai sanyin nan bai bar tafina ba, ko tukunya mai zafi na riƙe. Shatin yatsunsa na nan a bango, inda yake dafawa ya cire takalmi.

Kawu bai sani ba. An ce masa zazzaɓi ne, don shi ya raine shi, kuma ya tsufa. Kullum sai ya aiko a gaishe ni. Jiya ina tsakar gida na ji an kawo masa wani mai karaya, na ji ihun, na ji yana cewa a ƙara ja. Na miƙe har bakin zaure, na tsaya. Ina takaba, kuma ban san da wane baki zan fara ba.

Har yanzu ban faɗa masa ba.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Luba