Tantabarun Yayanka

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Wayarka dai ta zama ado a dajin nan da kuke fasa dutse, shi ya sa na ba direban motarku wannan takarda.

Maganar tantabarun yayanka ce, masu alkafurar nan a sama. Tun da ya kwanta ciwo na rufe su a ɗakinsu na saman bene, har Allah ya karɓi abinsa, ga shi shekara ta zagayo ba su leƙa waje ba. Sun yi ƙiba kamar kajin gidan gona, suna ta figar juna. Jiya na tarar da ɗaya a mace kusa da kwanon ruwa.

Ina so in sake su, amma tsoro nake ji. Yara kowa yana gidansa, sai dai a kira a ce "Mama, ya jiki?" a kashe. In waɗannan suka tafi, babu sauran abin da ke motsi a gidan nan sai ni. Kai ka tashi kana riƙe masa gwangwanin tsaba, ka faɗa mini yadda ake yi.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na yi murna ƙwarai. Wato ke da kike cewa kashinsu ya hana ki shanya, yau ke ce uwar tantabaru? Da Yaya zai ji, sai ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

To ki saurara da kyau. Ki rage musu abinci, sau ɗaya a yini, da yamma. In za ki zuba, ki kaɗa gwangwanin tukuna, don fiton Yaya suka sani, dole su koyi naki kiran. Akwai kejin waya a bayan tankin ruwa, ki riƙa fito da su a ciki su ga unguwa, sun manta ta. In jikinsu ya faɗa, sai ki saki biyu ko uku, idan rana ta yi sanyi, kuma da yunwa. Na sake faɗa, da yunwa. Tantabarar da ta ƙoshi ba ta da dalilin dawowa. Mai ƙiba kuwa in ta fara juyi a sama ba ta iya tsayawa, sai ƙasa.

Na san hannunki a wajen zuba abinci, shi ya sa nake jaddadawa.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanin mijinki

Auta,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta.

Duk abin da ka ce na yi. Na rage tsaba, suna bina da ido ina kau da kai. Sun koyi gwangwanin, da sun ji shi sai ɗakin ya ɗauki kuka.

Ranar sakin ce na kasa. Na hau da la'asar, suka taso kan ƙofa suna miƙo baki ta ragar da ke jikinta. Auta, wata da watanni na yi ina bin yayanka da cokali ina roƙonsa ya ci ko loma ɗaya. Ga waɗannan suna roƙona, in hana su? Na ce a raina wa yake sallamar nasa da yunwa. Na juye musu gwangwanin duka. Da na buɗe don in zaɓi uku, sai suka fice ta kan kafaɗata gaba ɗaya.

Duk zamana da yayanka ban taɓa hawa na kalla ba, kullum ina ƙasa ina mitar abinci ya huce. Ashe haka abin yake. Suka yi sama suka haɗu, sai kawai suka fara zubowa suna juyi. Ina tsaye ni kaɗai ina cewa "Ka gani? Ka gani?" babu wanda nake faɗa wa.

Ɗaya ta juyo ba ta tsaya ba, ta bugi rufin gareji ta mutu. Sauran suka sauka can kan wani dogon bene. Na kaɗa gwangwani har hannuna ya sage, ko kallona ba su yi ba. Da safe babu su.

Na share ɗakinsu, na canza ruwa. Gidan ya yi mini shiru, shirun da ko ranar rasuwa bai yi ba, don ranar akwai mutane.

Matar yayanka

Matar Yaya,

Sannu. Yau babu tsokana a bakina. Na karanta takardarki na fita bayan injin fasa dutse na daɗe a tsaye.

Ki bar ƙofarsu a buɗe, kada ki zuba komai a waje, ki riƙa kaɗa gwangwani a lokacin da suka saba. Yunwa takan koro wasu. Ba zan yi miki ƙarya in ce duka ba. Na nemi hutu an hana ni, amma akwai mai kiwon irinsu a garin da ke kusa da mu. In kina so in aiko miki da wasu ta hannun direba.

Allah ya sanyaya miki.
Auta

Auta,

Na gode, Allah ya yi albarka. Ɗaya ta dawo, mace, duk ta rame. Ta ci, ta sha ruwa, ta hau inda suke kwana da mijinta ta zauna.

Da yamma na buɗe mata, da yunwa wannan karon. Ta kewaya unguwa ta sauko, ko juyi ɗaya ba ta yi ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon sama, ni ma na jawo kujera.

Kada ka aiko da wasu tukuna. Daga ni har ita ba mu shirya karɓar baƙi ba.

Matar yayanka