Wayar da Baduku Ya Ƙara

Kano, Afrilu 1956

Zuwa ga taubashina Ubale baduku, Gagarawa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Rahamatu da yara, kuma ka daina cutar bayin Allah da takalman da ba sa kai kasuwa biyu.

Bayan haka, ka san Baba ya aiko cewa da ruwa ya sauka in tattara in dawo gona, wai bai ga amfanin sana'ar da mutum zai wuni a kan turken lantarki kamar biri ba. Ni kuwa aikin lantarkin nan ya shiga raina. Saura kaɗan maigidana ya fara barina ina ɗaura wa gida wuta ni kaɗai: waya ta taso daga turke, ta bi ta fis mai tsinkewa in wuta ta yi yawa, ta zo makunni, ka danna da yatsa ɗaki ya haskaka. In na bari yanzu, na yi wahalar banza.

Don haka na ba Sajo direba saƙo: batirin mota, da ƙwan fitila, da makunni, da waya biyu, ja da baƙa, duk a haɗe. Ka rataye ƙwan a ɗakin karatun Baba, tunda hayaƙin aci-balbal ya fara gajiyar masa da ido. Batirin kuwa ya zauna a zaure, don ruwan cikinsa yana cin takarda. In ƙarfinsa ya ƙare Sajo zai kai a cika. Watakila in Baba ya ga hasken ya sassauta mini.

Ka gaida kowa da kowa.
Naka, Muntaka

Gagarawa, Afrilu 1956

Zuwa ga Muntaka, Sarkin Wuta na Kano.

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan sai godiya, in ban da kunyar da ka ja mini.

Saƙonka ya iso. Wayarka dai rowa aka yi mata, ko rabin tsakar gida ba ta kai ba. Sai na ce me ake da baduku a dangi? Na yanke su biyun a tsaka, na kitsa igiyar fata ta jan akuya, na ƙara a tsakani har ta isa ɗakin Kawu. Wallahi ta fi taka kyau nesa ba kusa ba, har tuntu na yi mata.

Bayan magariba na tara maƙwabta. Liman ya zo, Barau ƙaninka ya kawo tabarmi. Na yi bisimilla na danna. Shiru. Na sake dannawa, har na hura ƙwan ko zai kama. Cindo mai goro ya yi dariya har ya ƙware. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To, wannan ce sana'ar?" Ya sa aka kunna masa aci-balbal ɗinsa.

Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, kuma na ji Kawu ya ce a gyara maka fartanya. Raina bai so ba, Muntaka, don na san kana son aikin nan.

Ka huta lafiya.
Ubale

Kano, Mayu 1956

Ubale, Allah ya shirye ka.

Bayan gaisuwa, na karanta takardarka na rasa dariya zan yi ko kuka. Igiyar fata! Ai ba guga ake ja da ita ba. Robar da ka gani a waje riga ce kawai, lantarki ta cikin jan ƙarfen nan na ciki yake tafiya. Ya fita daga batir ta waya ɗaya, ya ratsa ƙwai, ya koma ta ɗayar. Ko'ina hanyar ta yanke ya tsaya, kuma fata ba ta ba shi hanya. Makunnin ma aikinsa ke nan, ya yanke ya haɗa.

Ka kwance kitsonka. Ka feƙe robar bakin kowace waya, ka murɗe ƙarfe da ƙarfe, ja da ja, baƙa da baƙa, kada su taɓa juna. Sai ka naɗe kowace gaɓa da busasshiyar fata, a nan kam sana'arka ta yi rana.

Abin da ke damuna, motar Sajo ta lalace, ba ta yadda zan aiko da ƙarin waya kafin shuka. Fitilar iyakarta zaure ke nan, Baba kuwa tun ina yaro ban taɓa ganin ya yi karatu a wajen ɗakinsa ba. Ka dai haɗa. In ya ce in dawo, zan dawo.

Naka, Muntaka

Gagarawa, Yuni 1956

Daga Malam Ishaƙ zuwa ga ɗansa Muntaka.

Aminci ya tabbata gare ka. Muna lafiya, ruwa ya sauka, mun yi shuka.

Ubale ya gyara ɓarnarsa. Wayarka ba ta iso ɗakina ba, sai ni na sa aka ɗauko buzuna da littattafai na isa inda take. Na ga wasullan da na kwana biyu ina lalube.

Barau zai riƙe gonarka. Ka zauna ka ƙarasa koyonka. In za ka zo da salla, ka taho da waya mai tsawo, zaure akwai sauro.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.