Daddawar Batso

Litinin, 3 ga Nuwamba 1952
Ƙafa a kumbure, yatsu ba su riƙe alƙalami sosai. Likita ya ce ba nama, ba nono, ba man shanu, ba ƙwai. Na ce masa to mi ya rage? Bai yi dariya ba.

Laraba, 5
Saƙo daga Tsibiri. Ɗiyata Atika za ta zo Juma'ar sama, in ta tarar da ni a rame ta tafi da ni gidan mijinta. Ni, da na yi boko a lakwal, na zauna biro, ofishin kwamanda, in ƙare a zauren suruki ana miƙo mini akushi? A'a. Sai ta ga ina ciyar da kaina.

Alhamis, 6
Na dafa wake. Tun hantsi har la'asar yana nan kamar tsakuwa. Na fita ƙofa, na dawo, na sake fita.

Asabar, 8
Dada maƙwabciyata, mutuniyar Jiratawa, ta leƙo tukunyata. "Malam, duk bokon nan ba a koya maka kanwa ba?" Ta jefa ɗan gutsure, wake ya yi laushi. Ta ce in bar zancen nama, talaka yaushe ya gan shi in ba Layya ba. Yanzu kaka ce, wake da gyaɗa sun yi araha, zogale kuwa ga shi bayan danga ba mai shi.
Ta bar mini curin daddawar batso, ta ƴaƴan yakuwa. Warinta! Marigayiya matata ba ta taɓa yarda ta shigo gidan nan ba. Na kife ta da ƙwarya.

Talata, 11
Miyar kuka ba komai ciki. Ruwa kore. Na kwana da yunwa.

Laraba, 12
Na ɗaga ƙwaryar. Kaɗan na sa, da dakakken ƙuli-ƙuli. Na suɗe kwano. Ba wanda zai ji wannan.

Juma'a, 14
Atika ba ta zo ba, ƙanen mijinta Tanimu ta aiko, wai an ɗaga sai Juma'a mai zuwa. Na zaunar da shi. Tuwon gero, miyar zogale da gyaɗa. Ya ce, "Baba, ina ka ɓoye naman?" Na ce ya tona da kyau. Har rijiya na taka a gabansa ba sanda, don ya gani ya faɗa. Bayan ya tafi sai da na kwanta.

Talata, 18
Kumburi ya ragu. Takalmi ya shiga. Dada ta ce na fara ƙiba, wai in yi aure. Tsohuwar banza.
Gidan shiru dai.

Juma'a, 21
Tun asuba na ɗora tukunya, ta mutum biyu. Na share ɗakin uwar Atika. Duk jakin da ya biyo hanyar Tsibiri sai na miƙe.
Da la'asar wata mai tallan gero ta ce ta ga Atika. Wai Tanimu ya ce Baba ya warke, har girki yake, ba ya bukatar kowa.
Abin da na so ke nan.
Na kai wa Dada sauran tuwon. Ta ga ƙunshin tufafina a bakin ƙofata, da buta da tabarma a naɗe. Na ce saboda gara ne.
Atika ba ta zo ba. Ban kwance ƙunshin ba tukuna.