Hagun Akuyata Ya Kumbura

Daren Laraba, Lafiya

Har yanzu hannuna ƙanshin man gyaɗa yake yi, amma alhamdulillahi.

Da safe akuyata mai shayarwa ta ƙi cin dusa, na ɗauka ƙoshi ne. Sai ga Inna Jumma, mai kawo mana nono daga Kwandere. Ko ƙwarya ba ta sauke ba ta tsaya bayan akuyar, ta ce, "Maman Sadiya, zo ki gani. Allah ya yi dabba dama da hagu daidai. Me ya sa hagun wannan ya fi tudu?"

Na duba. Cikin ya kumbura kamar ganga. Ashe ɗanyen ɓawon rogon da na zuba mata jiya ne. Muka ɗura mata man gyaɗa, Inna tana murza cikin, ina jan akuyar muna zagaya tsakar gida, har ta yi wata doguwar gyatsa.

Shekara huɗu ina kiwonta, ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba. Da magariba 'ya'yanta biyu suka kama nono, na zauna ina kallonsu har aka kira isha'i.